Tumbin Yaya Talatu

Yaya Talatu ta ce in zan rubuta labarin nan kada in kuskura in sa kalmar tumbi. Na ce mata da ita zan fara, tunda gudun kalmar nan ne ya kusa kai ta kabari. Ina rubutawa ne saboda masu ciwon suga da likita ya yi wa maganar aikin rage ƙiba, da kuma danginsu. Musamman ma dangin, domin a jinyar da na yi su suka fi ciwon ba ni wahala.

Ni ce ƙanwarta Hansai, ina koyarwa a wata firamare a Barnawa, gidana da nata ba nisa. Yaya ita ce 'yar fari a ɗakinmu. Mijinta Malam Garba ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da aka rufe masaƙar ya zauna gida, hawan jini ya kama shi, daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Tun kafin nan Yaya ke riƙe da gidan da girkin biki. Daga Barnawa har Trikania da wuya a yi taro ba a ga tukwanenta ba, mai girki kuwa ɗanɗano aikinta ne. Jiki ya yi ta buɗewa, mutane suna ta yaba mata, "Hajiya an samu hutu!" Hutun lafiya? Matar da tun asuba take tsaye a bakin murhu.

Ciwon ya fara da ƙishirwa da yawan fitsari. Ta yi shekaru tana shan ƙwaya, aka ƙara mata wata, aka sake ƙarawa, har aka koma allurar insulin safe da yamma. Gwiwoyi suka fara kuka, ido ya fara hazo. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ranar da garwashi ya faɗo mata a ƙafa tana tsakiyar suyar waina, ba ta ji ba, sai da mai taya ta aiki ta ji ƙauri. Ƙunar ba ta fi kwabo girma ba, amma ta ƙi warkewa.

Nan muka zama 'yan gida a asibitin gwamnati. Masu suga rana ɗaya gare su a mako, kuma ba a karyawa sai an yi gwaji. Sai ka ga tsofaffi jere a benci tun duku-duku, da yunwa, masu ciwon da yunwa ke kayarwa, ana jiran mai ba da kati ya gama karin kumallonsa. Wata rana a ce katinki ya ɓace, wata rana a ce ana yajin aiki. Akwai ranar da Yaya ta yanke jiki ta faɗi a layi, wata baiwar Allah ta tura mata alewa a baki, mai kati kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Amma kada in ci zalin kowa, akwai wata nas da ke wanke ƙafar nan kamar ta uwarta, Allah ya saka mata.

Shawarwari kuwa sai da muka rasa inda za mu zuba su. Wannan ta ce shuwaka, waccan ta ce garahuni, wani ya ce a jiƙa kuɓewa a sha ruwan da safe. Ƙaninmu Sabi'u, wanda ke aiki da masu tankar mai a Rido, ya kawo jarka guda ta wani baƙin ruwa daga wajen mai lasifika a kasuwar Kakuri, wai har basir da sanyin ƙashi yana yi. Yaya ta kwana biyu tana zarya bayan gida. Maƙwabciyarta Maman Nanbam, 'yar Filato, ita kaɗai ce taimakonta bai sa kowa gudawa ba. Acca take kawowa daga garinsu, ta ce, "Maman yara, ki ci wannan, ina sa ki a addu'a."

Wani likita ne mai haƙuri, da ya ga mun gaji, ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, ƙafar nan tana gaya mana abin da ke tafe. In nauyin nan bai sauka ba, allura ba za ta riƙe ki ba." Ya ce akwai aikin da ake yi wa masu ƙiba da suga, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wata balan-balan da ake zurawa ta baki a hura ta a cikin tumbi, mutum ya riƙa jin ƙoshi, amma bayan watanni cire ta ake yi, nauyin kuma yana iya dawowa. Akwai wanda ake ɗaure bakin tumbin da zobe, ya ce shi bai cika son wannan ba.

Yaya ta ɗaga hannu. "Dokta, tsaya. Tumbi kake ta cewa. Tumbi ai na saniya ne, shi nake wankewa in yi farfesu."

Ya yi dariya ya ce sunansa ke nan, na mutum ma haka. Ya ci gaba. Akwai wanda ake karkatar da hanyar abinci ta tsallake wani sashe na hanji, ya fi ƙarfi a kan suga amma ya fi ɗawainiya. Sai wanda ya ga ya dace da ita: a yanke mafi yawan tumbin a cire, a ɗinke sauran ya koma siriri. Silib ya kira shi, wai hannun riga. Bai yi mana alƙawarin komai ba. Ya ce wasu sukan bar allura gaba ɗaya, wasu su rage, kuma duk wanda aka yi wa, shi da ƙwayoyin gina jiki sai mutuwa.

Muna cikin keke za mu koma gida Yaya ta kafa doka. "Aikin zan yi. Amma duk wanda ya ƙara ce mini tumbi, ba ni ba shi. Ku ce ciki, kamar mutane." Muka ce to. Wata da watanni muna cewa za a rage wa Yaya ciki, za a yanke wa Yaya ciki, har bakinmu ya saba.

Sai da aka yi fama ƙafar ta rufe, aka sauko da sugan, aka yi gwaje-gwajen da ba su ƙarewa, kowanne da kuɗinsa. A Abuja za a yi aikin, a asibitin kuɗi. Filin da Malam Garba ya bari a wajen Rido shi ya tafi. Doka ta biyu da Yaya ta kafa ita ce kada a gaya wa Inna, mahaifiyarmu, sai an gama, kuma kada dangi su ji, don ta gaji da shawara.

Dole in yi bayanin Inna. Tana ƙauyenmu can wajen Soba, kuma tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa jin sunan Talatu a bakinta ba. "Yayarku" take cewa, ko "waccan". Ba ta zama kusa da ita, ba ta kallon ta ido da ido, ba ta tambayar ta abin da ke damun ta. Ni da Sabi'u mun hau cinyarta, mun sha lallashi. Yaya kuwa kakarmu ce ta raine ta, in Inna za ta ba ta abinci sai ta ba ni in kai mata.

Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi. 'Yan huda ne ƙanana a fatar ciki, ba wani dogon yanka. Amma likitan tiyatar ya tsayar da ni ya yi mini maganar da har yau take kunnena. Ya ce, "Ɗinkin da ke ciki ɗanye ne. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, kurɓa-kurɓa, da cokalin shayi. Loma ɗaya ta nama tana iya ɓalle shi. In ya ɓalle, ba kowa ke tashi ba."

Ranar Sabi'u ya kira Inna, ina tsaye kusa da shi a baranda. Da ƙarfi yake magana saboda wayar ƙauye. "Inna, an yi wa Yaya aiki a Abuja! An cire mata ciki! Eh, ciki! Likita ya ce kusan duka aka cire, kaɗan ya rage. Amma ta ce kada a gaya wa kowa!"

Duk mai jin Hausa ya riga ya gane abin da tsohuwa za ta ji a wannan magana, game da 'yarta da mijinta ya yi shekaru a ƙasa. Mu da muka saba da kalmar ba mu ji komai ba. Sabi'u har yaba kansa ya yi, wai ya iya isar da saƙo.

Muna dawowa Barnawa muka tarar da Inna zaune a ƙofar gida a kan buhu. Matar da sai an yi mutuwa take taka gidan nan. Cikin buhun akwai gero, da kanwa, da yaji, da busasshen nama. Ta sha kunu, gaisuwarmu ma da ƙyar ta amsa. Ta kalli Yaya sau ɗaya, ta kawar da kai, ta ce mini, "Shiga da ita ciki kafin mutane su taru."

Makon farko da rikicin ruwan zafi ya tafi. Kullum da safe Inna za ta ɗora babbar tukunyar biki, ta tafasa ruwa, ta sa a karyo mata ganyen darbejiya, wai a yi wa Yaya wanka. Na ce raunukan ba sa son ruwa. Ta ce, "In ba a gasa jikin nan ba, sanyi zai shige ta." Na ga abin ya yi kama da wankan jego, amma a wajen Inna ruwan zafi maganin komai ne, har targaɗe, don haka ban kawo komai a raina ba. Kullum ta tafasa, kullum in hana, itace yana ta ƙarewa a banza.

Abu ɗaya na gode mata a lokacin. 'Yan dubiya sun yi ta zuwa da kuloli, tuwo, dambu, farfesun kaza, kowa yana son ya ga ta ci a gabansa. Inna ta kafa kujera a bakin ƙofa, duk wanda ya zo ta ce, "Tana barci." Ko Maman Nanbam sai da ta yi sintiri kafin ta samu shiga. Na ɗauka ta gane dokar likita ne.

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, Allah ya sani. Da na fara, "Inna, cikin nan da aka cire," sai ta ɗaga mini hannu. "Yi mini shiru. Ba na son in ƙara jin maganar nan a bakin kowa. Abin da ya faru ya faru." In na ce likita ya hana abinci mai nauyi, sai ta ce, "Likitan nan namiji ne ko? To me ya sani?"

Mako na biyu ta koma kunun kanwa, mai kauri, da suga har ludayi yana tsayawa. Ga mai ciwon suga! Da ta dama sai in ɗauke in shanye, ko in zubar a bayan gida. Na yi ƙiba a makon nan, ita kuwa mai jinyar tana ta kurɓar romo tsararo da cokalin shayi, tana harara ta. Raina ya ɓaci da kowa: da Inna mai kunnen ƙashi, da Sabi'u da ke leƙowa ya ce "sannu da jiki" ya gudu, da Yaya da ba ta iya buɗe baki ta ce wa uwarta a'a.

Sai jarrabawa ta zo a makaranta, dole na koma aiki. Na ja wa Yaya kunne, na ja wa Inna, na tafi ina waiwaye.

Ranar da na dawo bayan azahar na tarar da Yaya a ƙasa, ta dafe ƙirji, gumi yana zuba, tana kakarin amai ba abin da ke fita sai yawu. Ga kwano a gefe da sauran gasasshen nama ya sha yaji, ga kofin kunun kanwa rabi. Ban san lokacin da na daka wa Inna tsawa ba.

"Wa ya ba ta wannan?"

"Ni na ba ta da hannuna," in ji Inna. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Maman Nanbam ce ta fito da motarta, ko ɗankwali ba ta tsaya ɗaurawa ba. Muka tarar da cunkoso a gadar kogi, tana ta danna ham tana leƙa kai waje, "Abeg ku ba mu hanya, imajensi ne!" Yaya tana nishi a cinyata, ni kuwa maganar likitan Abuja ce kawai take yawo a kaina, ba kowa ke tashi ba. Inna tana gaba, ta ƙanƙame carbi, ba ta waiwayo ba.

A asibiti suka shiga da ita, suka sa mata ƙarin ruwa, na ba su lambar likitan da ya yi aikin suka yi waya da shi. Aka ce sai an ɗauki hoto a ga ko ɗinkin ya ɓalle. Muna zaune a benci, na juya wa Inna baya don haushi, sai na ji ta ja gefen mayafina. Ta ja ni har bayan wata bishiya inda ba kowa.

"Hansai," ta ce a hankali, "ki shiga ki gaya wa likitan nan gaskiya. Kada kunya ta kashe mini ita."

"Wace gaskiya kuma, Inna?"

"Sauran da aka bari ne bai fita ba. Sabi'u ya ce kaɗan ya rage. Shi nake ta so kanwar ta wanko, kin hana." Ta ƙara rage murya. "Wata nawa ne? Ban tambayi na wane ne ba, kuma ba zan tambaya ba. Ki dai gaya musu wata nawa ne."

Na tsaya ina kallon ta. Sai komai ya jeru a gabana, ruwan zafi, kanwa, naman yaji, kujerar bakin ƙofa. Duk abin da ake yi wa macen da ta haihu ko ta yi ɓari, shi tsohuwar nan take yi. Mako biyu tana ɗauke da wannan nauyi ita kaɗai, ba ta gaya wa ko ƙanwarta ba.

"Inna," na ce, "tumbi ne! Tumbi aka yanke mata! Wanda abinci ke shiga, irin na saniya, na farfesu! Ba juna biyu ba!"

Ta saki baki. "Tumbi?"

"Tumbi, Inna."

"To don me ba ku ce tumbi ba?"

Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Da ta buɗe, abin da ta fara cewa shi ne, "Na zarge ta a raina, Allah ka yafe mini." Na biyu kuwa, "Kira mini Sabi'u." Abin da ta gaya masa a waya ba zai rubutu ba, amma na ji daɗinsa ƙwarai.

Allah ya kiyaye, ɗinkin bai ɓalle ba. Naman ne ya tsaya ya toshe hanya, wurin ya kumbura. Suka zura wani bututu ta baki suka ciro shi, suka hana ta ko ruwa na 'yan kwanaki, sugan da kunun ya harba sama suka sauko da shi. Likitan ya ce mun auna arziki, ya kuma yi mini faɗa kamar ni na ba ta naman. Kuɗin da muka ajiye na komawa Abuja a duba ta, a nan ya ƙare.

Da ta samu sauƙi na gaya wa Yaya abin da Inna ta zata. Na yi tsammanin za ta yi fushi. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta ce, "Haka ta ɗauka, kuma ta zo?" Na ce ta zo. Na tambaye ta abin da ya sa ta ci naman alhali da kunnenta ta ji likita. Ta juya fuska bango.

Yanzu Yaya ta sauke nauyi sosai, ta bar allura, ƙwaya ɗaya take sha da na gina jiki, ƙafar kuma tana nan tata. Ba a ce ciwon ya tafi har abada ba, muna zuwa gwaji. Masu cewa "an samu hutu" sun koma cewa "Hajiya lafiya kuwa, kin rame," ba a iya musu. Wanda zai yi aikin nan ya nemi likitan da zai zauna ya bayyana masa kowane iri, ya tanadi kuɗin bayan aiki, ya sa mutum ɗaya mai taurin kai a kan abincinsa. Kuma don Allah ku kira abin da sunansa, ko da ya yi muku kama da kayan miya.

Bayan an sallamo Yaya daga asibiti, Inna ba ta koma ƙauye ba. Ta karɓe cokalin shayin daga hannuna, ta ce ita ta ɓata, ita za ta gyara. Ta zauna a bakin gado tana ba Yaya romo cokali-cokali, tana kallon gefe, har yanzu ba ta kiran sunanta, sai dai "buɗe" da "haɗiye". Mako ya wuce, wani ya wuce, aka koma abinci mai laushi, Yaya ta ce hannunta yana rawa, ba ta iya riƙe cokali. Hankalina ya tashi, har na fara tunanin komawa asibiti.

Sai wata safiya na shigo na same ta zaune a taga tana zura zare a allura, hannu tsaf, ko gezau. Inna tana kicin tana dama mata koko marar suga.

"Yaya!" na ce. "Ashe hannunki lafiya lau? Kin sa ina ta zullumi a banza, kin sa tsohuwa tana..."

Ta yi wuf ta tura allurar ƙarƙashin filo, ta leƙa ƙofa, ta kama hannuna ta matse.

"Rufa mini asiri, Hansai," ta ce. "Ke kin sha naki tun kina goye. Ni sai yanzu layi ya zo kaina."

Muka ji takun Inna. Yaya ta kwantar da hannuwanta a cinya, ta buɗe baki.